Ƙarfin Ɗan Sintiri Yana Inda Aka San Shi

A unguwar da nake zaune cikin birnin Kano, idan dare ya raba akan ji ƙarar usur daga bakin layi, wani usur ɗin ya amsa daga wajen masallaci, sannan a ji takun mutum biyu ko uku suna wucewa da tocila da gora a hannu. Waɗannan su ne 'yan sintirinmu. A cikinsu akwai tela, akwai mai garuwa, akwai saurayin da ya kammala karatu shekara uku da suka wuce yana neman aiki har yau, akwai kuma wani dattijo maharbi wanda shi ne kowa yake jin maganarsa. Duk ƙarshen wata magidanta suna haɗa ɗan abin da ya samu a ba su, kuma abin da yake isa hannun kowannensu bai kai ya ciyar da iyali na mako guda ba. Tun da suka fara fita, fashin shaguna da ƙwacen waya a lungunan da ke kusa da mu sun ragu ƙwarai, har matan da suke sammakon kai niƙa suka daina jiran gari ya waye tangaran kafin su fito. Ina ganin girman waɗannan mutane, kuma saboda girman nasu da nake gani ne nake son a yi maganar aikinsu da gaske, a daina tsayawa kan yabo da addu'a kawai.

Abin da na yi imani da shi shi ne, duk amfanin ɗan sintiri ya rataya ne a kan sanayya. Ya san mutanen unguwa, su ma sun san shi, sun san gidan ubansa, sun san inda za su kai ƙararsa idan ya yi ba daidai ba. Wannan sanayya ce take ba shi abin da ɗan sandan da aka turo daga wata jiha ba shi da shi, kuma ita ce linzamin da yake hana shi wuce gona da iri. Duk inda aikin sa-kai ya zama alheri a Arewa, idan aka duba za a tarar sanayyar tana nan da ƙarfinta. Duk inda ya rikiɗe ya zama bala'i, za a tarar ko dai an ɗauke mutum daga inda aka san shi, ko ya fara yanke hukunci a kan wanda bai sani ba, ko kuma waɗanda suka san shi sun kawar da kai sun bar shi yana abin da ya ga dama.

Tsaron gari da hannun 'yan gari tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Biranenmu suna da ganuwa da ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta, kuma baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Labari yakan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ya isa fada. A zamanin En'e akwai dogarai da 'yan doka, waɗanda 'yan ƙasa ne da suke jin harshen mutane kuma suka san lungu da saƙo. Ba na cikin masu ɗaukar wancan zamani kamar ba shi da aibu, domin tarihi ya tabbatar da cewa an yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen musguna wa 'yan adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan sandan En'e cikin rundunar tarayya. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya tabbatar da cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya. An magance wata cuta, amma an bar giɓi a baya, domin rundunar da adadinta da aka saba ambata bai kai 400,000 ba ita ce aka ɗora wa tsaron al'ummar da ta haura miliyan 200, ga shi kuma wani kaso mai yawa na jami'anta yana gadin manya da gidajensu. A wannan giɓi ne 'yan banga da 'yan sintiri da maharba da 'yan sa-kai suka tsaya.

Babu inda ƙarfin sanayya ya bayyana kamar Maiduguri a shekarar 2013. Kafin lokacin, mayaƙan Boko Haram suna zaune cikin unguwanni, su fito su harbe mutum da rana tsaka su koma su saje da jama'a. Sojan da aka kawo daga nesa ba ya iya bambance ɗan ƙungiyar da ɗan maƙwabcinsa, sai ya zama duk inda aka kai hari, samarin unguwar gaba ɗaya ne suke ɗanɗana kuɗarsu. Mutanen gari suka shiga tsaka mai wuya, ga masu kashe su idan sun yi magana, ga masu kama su idan sun yi shiru. Bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun wannan shekara, sai samarin birnin suka ɗauki gora da adda suka fara tare hanyoyi suna nuna waɗanda suka sani ɗaya bayan ɗaya. Su ne aka riƙa kira 'yan ƙato da gora. Ba su da makamin da ya kai na soja, amma sun san wanda ya ɓace daga unguwa wata shida ya dawo da kuɗi, sun san gidan da ake shiga da dare, sun san muryar wanda ya rufe fuskarsa da rawani. Cikin 'yan watanni mayaƙan suka fice daga birnin suka koma daji. Matan da suka shiga aikin suna binciken 'yan'uwansu mata a ƙofofin kasuwa da tasha sun ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu, kuma da yawa daga cikin waɗannan matasa sun rasu a bakin shingen bincike lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a jikinsu. Duk wanda zai yi maganar aikin sa-kai a Arewa, wajibi ne ya fara da jinjina wa waɗannan bayin Allah.

Amma ko a Borno ɗin, da aikin ya faɗaɗa ya fita daga unguwa zuwa fagen daga, sai ƙorafe-ƙorafe suka fara fitowa: duka, karɓar kuɗi a shingaye, ramuwar gayya a kan wanda ake da tsohuwar gaba da shi, da sanya yara ƙanana cikin aikin. Sai da ƙungiyar 'yan ƙato da gora ta sa hannu a wata yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 kan daina amfani da yara, kuma a 2021 aka cire sunanta daga jerin masu aikata hakan. Na kawo wannan ne domin ya nuna cewa gyara yana yiwuwa idan akwai shugabanci da rajista da wanda za a tuhuma. Gwamnatin jihar ta ɗauki wani kaso daga cikinsu ta horar da su tana ba su alawus, kuma ko da yake hakan bai game kowa ba, ya sa an san sunayen mutane da inda suke.

Labarin Zamfara ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Satar shanu da fashi a ƙauyuka gaskiya ne, kuma manoman da suka kafa ƙungiyoyin sa-kai sun yi hakan ne bayan sun kai kuka inda ya kamata ba a share musu hawaye ba. Babu mai hankalin da zai zargi mutumin da aka sace masa shanun huɗa, aka ɗauke masa mata, don ya tashi ya kare gidansa. Inda abin ya lalace shi ne lokacin da wasu 'yan sa-kai suka daina tambayar wane ne ya yi laifi, suka koma tambayar wane iri ne. Aka riƙa tare Bafulatani a kasuwar ƙauye ranar cin kasuwa, a kashe shi a bainar jama'a ba tare da shaida ko alƙali ba, aka ƙone rugage, aka kore dabbobin mutanen da ba su taɓa ɗaukar bindiga ba. Wanda aka kashe wa uba a irin wannan hali, idan 'yan bindiga suka miƙo masa hannu, da wuya ya ƙi karɓa. Ba ina wanke 'yan bindiga ba ne, domin abin da suke yi na kisa da garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji ba shi da wani uzuri a addini ko a al'ada. Abin da nake cewa shi ne, ɗan sa-kan da ya kashe wanda bai sani ba saboda kamanninsa ya ƙara wa wutar itace, kuma ƙauyensa ne yake fara ƙonewa idan aka zo ramuwa. Gwamnatocin Zamfara da Sakkwato sun haramta ayyukan 'yan sa-kai a lokuta dabam-dabam, sai dai haramcin da aka yi a takarda bai hana komai ba a ƙauyen da babu ɗan sanda ko ɗaya.

Wanda yake ganin wannan magana tausayin wasu ce kawai, ya tuna da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025. Maharba ne 'yan Arewa, yawancinsu daga yankin Bunkure a Jihar Kano, suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. 'Yan banga suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, kafin a ankara an kashe mutum 16. Duk Arewa ta girgiza, kuma ta cancanci ta girgiza. Waɗanda suka tare motar nan su ma a garinsu ana kiran su masu kare al'umma, su ma suna da labarin mutanensu da aka sace a gonaki. Abin da suka rasa shi ne abin da ɗan sa-kan kasuwar ƙauye ya rasa: ba su san waɗanda ke gabansu ba, kuma maimakon su miƙa su ga hukuma ta bincika, sai aka bar taron jama'a ya zama alƙali. Idan mun yi kukan Uromi da zuciya ɗaya, to bai kamata mu yi shiru ba ranar da aka yi wa baƙo irin wannan a tasharmu ko a bakin kasuwarmu.

Doka ba ta bar wannan batu a duhu ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yarda mutum farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma ta wajabta masa ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta a gana wa mutum azaba domin ya amsa laifi. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Musulmi kuwa bai buƙaci a karanto masa waɗannan sassa ba, domin tun a makarantar zaure ya ji cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma zartar da haddi aikin hukuma ne, ba na kowane mai ƙarfin damtse ba. Addinin da ya zo da hadisin da ya yi albishir ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, shi ne dai addinin da ya girmama jinin mutum fiye da yadda muke ɗauka. Saboda haka idan na ga an ɗaure yaro a jikin turken wutar lantarki ana tsula masa bulala a kan zargin satar waya, mutane sun kewaye suna ɗauka a wayoyinsu, ba na ganin tsaro a wurin, ina ganin unguwar da ta saki linzamin mutanen da ta tura.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a taron unguwa. Za a ce an kama ɓarawo an kai shi ofishin 'yan sanda, kwana biyu sai ga shi ya dawo yana wucewa ta gaban wanda ya kama shi yana nuna masa yatsa. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa kwana a bakin layi ba. Wani lokaci beli ne da doka ta tanada, wani lokaci kuwa abin da kowa ya sani ne. Amma akwai wani ɓangare na laifin da yake wuyanmu. Sau nawa aka kai mai laifi, aka nemi wanda zai ba da shaida, kowa ya noƙe? Wanda aka yi wa satar da kansa yakan ce shi dai tunda an dawo masa da wayarsa ya yafe, ba ya son zirga-zirgar kotu. Uban yaron kuma maƙwabci ne, zai biyo dare da dattawa a roƙi arziki. Shari'ar da babu mai ƙara kuma babu shaida, dole ta watse. Idan unguwa tana son ƙararta ta yi nauyi, sai ta naɗa mutum biyu ko uku masu mutunci waɗanda aikinsu shi ne bin kowace ƙara daga ofishin 'yan sanda har kotu, su san lambar takarda, su san ranar zama, su tsaya wa mai shaida don kada a tsorata shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin rundunar da al'umma, kuma jami'in da ya san cewa limami da mai unguwa da wani lauya ɗan unguwa suna bibiyar magana, ba zai yi saurin sakin wanda aka kawo masa ta bayan gida ba.

A 'yan shekarun nan gwamnatocin jihohi sun fara mayar da aikin sa-kai ƙarƙashin doka. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina da matasa kusan 1,500, a farkon 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su fiye da 2,600, Sakkwato ma ta bi sahu. Ina goyon bayan wannan mataki, domin mutumin da yake da lamba a ƙirji da kwamanda da albashi ya fi sauƙin tuhuma a kan wanda ya fito daga duhu ya koma duhu. Sai dai ina da fargaba iri biyu. Ta farko ita ce siyasa, domin mun ga yadda 'yan siyasa suke mayar da matasa 'yan bangarsu a lokacin zaɓe, kuma rundunar da ɗan majalisa ko shugaban jam'iyya ne yake kawo sunayen waɗanda za a ɗauka, ranar zaɓe shi za ta yi wa aiki. Kamata ya yi mai unguwa da dagaci da limami da wakilan matasa da na mata su tantance duk wanda za a ɗauka, kuma a yankin da Hausawa da Fulani suke zaune tare, a ga ɗan ruga da ɗan gari cikin inifom ɗaya, a ji ta bakin arɗo kamar yadda ake jin ta bakin dagaci. Fargaba ta biyu ita ce ranar da kuɗi zai yanke. Matashin da aka koya wa harbi aka ba shi bindiga, sannan aka yi wata biyar ba a biya shi ba, an jefa shi cikin jarrabawar da ba kowa ne zai tsallake ta ba, kuma gwamnatin da ta gaji wadda ta kafa rundunar ba lallai ne ta ɗauke ta da muhimmanci ba.

Akwai kuma wani abu da bai kamata a bari gwamnati ta fake da shi ba. Aikin gayya a al'adarmu taimako ne da ake kai wa mai gona, ba a taɓa jin mai gona ya koma inuwa ya kwanta ya bar wa 'yan gayya noman shekara ba. Kare rayuka da dukiyoyi shi ne aikin farko na hukuma, kuma don shi ake karɓar haraji ake ware kuɗin tsaro. Tura mutum da bindigar toka ya fuskanci masu manyan bindigogi a kan babura, sannan idan ya faɗi a aika wa iyalinsa buhun shinkafa da saƙon ta'aziyya, wannan ba adalci ba ne. Wanda ya mutu yana kare garinsu, haƙƙin marayunsa ne a ɗauki nauyin karatunsu, kuma a rubuta hakan cikin doka yadda ba zai dogara da alherin wani gwamna ba.

Mu da muke kwana cikin gidajenmu muna jin usur daga nesa, namu nauyin ya wuce ɗari biyar ɗin ƙarshen wata. A unguwarmu, bayan wani dare da 'yan sintiri suka yi wa wani yaro dukan da ya kwantar da shi a asibiti, daga baya kuma ta bayyana cewa aiko shi aka yi sayen magani, dattawa sun zauna bayan sallar isha'i a ƙofar gidan mai unguwa. An yi musu mai zafi, domin wasu suna ganin idan aka tsawata wa masu sintirin za su yi fushi su ajiye aikin. A ƙarshe aka amince da abubuwa kaɗan. Aka buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowane ɗan sintiri da sunan magidancin da ya tsaya masa. Aka ce duk wanda aka kama, a rubuta lokaci da dalili, a kira mai unguwa ko wakilinsa, a wuce da shi ofishin 'yan sanda kafin gari ya waye, kuma babu duka. Aka hana yaron da bai kai shekara 18 ba fita, aka sallami mutum biyu da aka san suna shaye-shaye, aka kuma ware wani kaso na kuɗin wata domin jinyar duk ɗan sintirin da ya ji rauni a bakin aiki. Waɗanda suka yi dukan sun je gidan su yaron tare da dattijon maharbin sun ba da haƙuri, unguwa ta biya kuɗin magani.

Babu ko ɗaya daga cikin sauran da ya ajiye aikin. Telan nan ya faɗa mini daga baya cewa tun da aka buɗe littafin ya fi samun natsuwa, domin a da idan suka kama mutum jama'a ce take taruwa tana zuga su, wanda ya ƙi dukan a ce da shi ake haɗa baki, yanzu kuwa yana da abin da zai nuna ya ce ga ƙa'idar da iyayen unguwa suka sa hannu a kai. Littafin yana ajiye a wurin mai unguwa, kuma duk ranar Juma'ar ƙarshen wata ana karanta abin da aka rubuta a cikinsa a gaban waɗanda suka halarta, har da iyayen yaran da sunayensu suka fito.